Masu shan tairoksin, don Allah ku daina ajiye magani da kanku

Watan nan ban san adadin matan da suka zauna gabana da fuska a kumbure, murya a dishe, fata ta bushe, suna lulluɓe da mayafi biyu a tsakiyar bazara ba. In na buɗe kati sai in ga tun bara likita ya ɗora su a kan tairoksin, maganin masu ƙarancin aikin tairod. In na tambayi ina maganin, amsar ɗaya ce kamar sun haɗa baki: "Sista, ai na ajiye shi. Bai karɓe ni ba." Wata kuma ta ce ta ji sauƙi ne, shi ya sa. Wa ya ce ki ajiye, Hajiya? Da wa kika yi shawara?

Ƙwayar tairoksin da kike haɗiya, wani sunanta T4, irin wadda tairod ɗinki, ɗan ƙullutun nan na gaban wuya, ya gaza samarwa isasshiya. T4 tamkar gero ne a rumbu, ba a tuwo da shi sai an surfa an niƙa. Hanta da ƙoda da sauran sassan jiki ke cire mata ƙwayar sinadarin aidin ɗaya cikin huɗun da take ɗauke da su, ta koma T3, wadda ke ɗumama jiki, ta motsa hanji, ta wartsakar da ƙwaƙwalwa. Kusan kashi 80 cikin 100 na T3 da ke jikin mutum ta haka ake samun sa. To rumbu ba ya cika rana ɗaya, ba ya ƙarewa rana ɗaya. In kin fara sha, sai an yi kamar mako shida kafin ya daidaita a jini. In kin ajiye, sai kwana bakwai kafin rabin wanda ke jikinki ya fita. Nan ne kuke ruɗuwa: mako biyu da farawa a ce ba ya aiki, mako ɗaya da dainawa a ce "ga shi ban ji komai ba." Za ki ji. Bayan wata biyu za ki dawo mini kina jan ƙafa.

Yanzu kuma 'yan bokon cikinku sun zo da sabuwa. Yarinya za ta miƙo mini waya, ta ce ta gani a Facebook akwai waɗanda jikinsu ba ya iya juya T4 zuwa T3, gado ne, ita ma jinin gidansu ke nan. Akwai ƙamshin gaskiya. Cikin ƙwayoyin halittar da muke gada akwai wata mai suna DIO2 da ke da hannu a wannan aiki, kuma mutane da yawa suna ɗauke da wani nau'inta mai ɗan bambanci. Amma binciken da aka yi a kai bai zo da baki ɗaya ba, kuma akasarin masu irin wannan nau'in lafiya lau suke zaune da tairoksin. Abin da muka fi ganin yana bin dangi shi ne cutar kanta, musamman irin wadda garkuwar jiki ke cinye tairod, Hashimoto, wadda ta fi kama mata. In mahaifiyarki na da maƙoƙo ko yayarki na shan wannan magani, kawo 'yarki mu gwada ta idan ta fara kasala. Gadon nan bai ba ki izinin ajiye naki ba.

Ni kafin in zargi gado, sai na tambayi yadda kike sha. Nan asiri ke tonuwa. Da shayi mai kaurin madara da burodi. Da koko da ƙosai. Da awara. Wata ma dunƙule shi take yi da maganin ƙarin jini da na olsa, ta watsa baki gaba ɗaya. Duk waɗannan suna tare shi a hanji, wani kaso ya bi bayan gida. Kin saya da kuɗinki, kin zubar, sannan ki ɗora wa kakanninki laifi.

Masu ciki, ku ne kuka fi tayar mini da hankali. Da zarar wata ya wuce sai uwar miji ko maƙwabciya ta ce a ajiye maganin Bature kada ya taɓa cikin. Haba, iyayenmu! A watanni ukun farko jaririn da sinadarin tairod ɗin uwarsa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa, nasa tairod ɗin bai fara aiki ba. Mai ciki yawanci ƙara mata ma ake yi. Ajiyewar ce ke jawo ɓari da haihuwar bakwaini. Akwai kuma masu ninka ƙwaya don su rage ƙiba, su zo da bugun zuciya da rawar hannu. Ku ma ina ganin ku.

Na san wani lokacin kuɗi ne, ba taurin kai ba. Magani ya yi tsada, ga kuɗin gwaji, ga na mota. In haka ne ki faɗa mini kai tsaye, ba abin kunya ba ne, mu zauna da likita mu ga abin da za a yi. Kada dai ki yi shiru ki ɓace wata shida.

A gurguje, don layi na jira na:

Da sassafe, ciki ba komai, da ruwa zalla. Ki jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin kari.

Maganin ƙarin jini, na ƙashi da na olsa, sai bayan awa huɗu.

An canza miki awon magani? Gwajin jini na TSH, mai nuna ko awon ya yi miki daidai, bayan mako shida zuwa takwas.

Kin ga alamar ciki, ki zo a makon, kuma ki ci gaba da sha.

Kada ki ajiye ƙwayar a kicin ko bakin taga, zafi da laima na lalata ta.

Da azumi, ki sha kafin sahur da rabin awa, ko lokacin kwanciya in an yi awa uku da cin abinci.

Ranar da za ki zo, ki taho da kwalin maganin, ko da babu komai a ciki.