Matatar ruwan sha ta gida da ofis

Matatar ruwan sha na'ura ce da ake haɗawa da famfo, ko a ajiye ta a kan teburi, domin ta raba ruwa da abin da ke cutar da mai shansa. A Sakkwato, inda wani ke shan ruwan famfo da aka ɗebo daga kogin Rima, wani na rijiyar burtsatse, wani kuma na ƴan garuwa, dattin ruwa ba iri ɗaya ba ne, kuma babu matata guda da ke maganinsa duka. Akwai laka da yashi da ido ke gani, akwai ƙwayoyin cuta irin masu kawo kwalara da taifot, sannan akwai sinadaran da suka narke, kamar gubar dalma, da kuma naitiret da ke tsatsafowa daga takin zamani da masai. Ruwa yakan yi garau alhali yana ɗauke da na biyu da na uku.

Matakin farko shi ne tare laka. Wani abin tacewa ne mai kama da naɗin auduga, wanda ƙofofinsa sukan kai maikiron 5, kuma maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Dabarar ba baƙuwa ba ce: iyayenmu sun daɗe suna jefa alif ko garin ƙwayar zogale a randa don laka ta kwanta, kuma tace ruwa da ƙyalle na cikin abubuwan da suka kawar da kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya ta rabu da shi.

Daga nan sai gawayi, ba na girki ba, wanda aka sarrafa da zafi mai tsanani, sau da yawa daga ɓawon kwakwa, har ya cika da ƙananan ramuka. Kilorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta, da wari da wasu magungunan feshi suna manne wa jikinsa idan ruwa ya ratsa. Yana gyara ɗanɗano ƙwarai, amma ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma a nan mutane da yawa ke yin kuskure.

Matatar tangaram, wadda ake kira mai kyandir saboda siffar abin tacewar da ke cikinta, ita ta fi dacewa da gidan da wuta ba ta zama, domin nauyin ruwa kaɗai ke tafiyar da ita. Ƙofofinta ba su cika wuce maikiron ɗaya ba, suna tare yawancin bakteriya da ƙwan tsutsar ciki, sai dai bairos ya fi su ƙanƙanta, yakan wuce.

Wadda ta fi ƙarfi ita ce ake kira RO a kasuwa, irin ta ofisoshi da masana'antun ruwan leda. Injin ne ke matsa ruwa ta wata fata mai ƙofofi kusan maikiron 0.0001, sai ruwa ya wuce, gishiri da dalma da naitiret da filorayid su tsaya a baya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada naitiret ya haura miligiram 50 a lita, dalma kuma miligiram 0.01. Aibinta shi ne tana zubar da ruwa mai yawa tare da dattin, abin da ke da ciwo a garin da ake sayen ruwa da jarka. Ga kuma dutsen farar ƙasa na yankin, wanda ake haƙa a Kalambaina don yin siminti: ruwan da ya ratsa irinsa yakan bar farin ɓawo a buta, kuma ɓawon nan yana toshe fatar RO da wuri.

Wasu na'urorin suna ƙarewa da fitilar UV, mai wani irin haske da ido ba ya gani, da ke lalata ƙwayar halittar cuta ta kasa hayayyafa. Sai ruwa ya yi tas kafin hasken ya ratsa shi, kuma da an ɗauke wuta aikinsa ya tsaya.

Gawayi da abin tare laka ana sauya su bayan wata uku zuwa shida, gwargwadon ƙazantar ruwan, domin wanda ya tsufa yakan koma matattarar ƙwayoyin cuta. Kyandir kuwa ana goge shi da burushi da ruwa zalla, ba a sa sabulu, kuma idan ya tsage sai sabo. Ruwan da aka tace a zuba shi a mazubi mai murfi da famfo, don moɗar da kowa ke tsomawa a randa tana mayar da dattin da aka cire.