Soriyasis: cutar fatar da aka daɗe ana yi wa kallon kuturta

Shekaru aru-aru likitocin Turai ba sa rarrabe soriyasis da kuturta. Duk wanda fatarsa ta yi kauri a gwiwa, gwiwar hannu ko ƙoƙon kai, tana zubar da farin ɓawo, sai a haɗa shi da kutare a ware shi. Ko Robert Willan, likitan Ingila da ya siffanta ta dalla-dalla a 1808, ya sanya wani nau'inta ƙarƙashin sunan kuturta. Sai a 1841 likitan fata Ferdinand von Hebra na birnin Biyana a Austriya ya raba su. A 1873 Gerhard Hansen ya gano ƙwayar cutar kuturta a Norway. Ita kuwa soriyasis ba ta da wata ƙwaya da ke tashi daga wani zuwa wani. Ba a ɗaukarta ta musabaha, ko cin abinci kwano ɗaya, ko kwanciyar aure.

To daga ina take? An daɗe ana zaton laifin fata ne kawai. A 1979 aka lura cewa maganin cyclosporine, mai danne garkuwar jiki, yana kwantar da ita, nan hankali ya koma kan garkuwar. Ita ce ke rikicewa ta ingiza fata, har sabuntawar da kan ɗauki kusan wata guda ta auku cikin 'yan kwanaki, ɓawo ya taru. Akwai gado a ciki, amma sau da yawa sai wani abu ya tayar da ita: ciwon maƙogwaro, damuwa, taba, giya, bushewar hunturu, wasu magunguna irin su kulorokwin. Rauni ma haka, kamar yadda likitan fata Heinrich Koebner ya nuna. Shi ya sa nake jin tsoron a kai mai ita wajen wanzami a yi masa tsaga ko ƙaho, domin sabon tabo kan fito daidai inda aska ta bi.

A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita cikin cututtukan da ba a ɗauka. Amma a wajenmu ruɗanin bai ƙare ba. A baƙar fata ba ta yin ja irin na hotunan littattafan Turawa, takan yi duhu ko toka-toka, sai a ce makero ce ko ƙazuwa, waɗanda su kam suna yaɗuwa daga wani zuwa wani. Sai a ware wa yaro tabarmarsa, a yi ta shafa masa maganin da ba nata ba.