Manufofin Gwamnati kan Ƙirƙirarriyar Basira a Biranen Zamani

Manufofin gwamnati kan ƙirƙirarriyar basira (wato AI, fasahar da ke sa na'ura ta kwaikwayi tunanin ɗan Adam) a biranen zamani su ne dokoki da ƙa'idojin da hukuma ke gindayawa kan na'urorin da ke tattara bayanan jama'a, su kuma yanke hukunci da su. A irin waɗannan birane, kyamarori da na'urorin da aka kakkafa a tituna ne ke lura da cunkoson motoci da rabon ruwa da lantarki, wani lokacin har da fuskokin masu wucewa. Nauyin lamarin a nan yake: mutum yana iya ƙin shiga wani shafi na intanet, amma ba shi da ikon ƙin bin hanyar gidansa.

A watan Nuwamban 2021, ƙasashe 193 na UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince da shawarwari kan ɗa'ar amfani da wannan fasaha, sai dai ba dole ba ne a kan kowa. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024 ta fi su ƙarfi. Ta haramta auna darajar mutane da maki bisa ɗabi'unsu, ta kuma hana 'yan sanda gane fuska nan take a bainar jama'a, in ban da 'yan dalilai kamar neman wanda aka sace. Tarar karya wannan hani tana iya kaiwa Yuro miliyan 35.

Wasu biranen ma ba su jira ba. San Francisco ta Amurka ta hana hukumominta amfani da na'urar gane fuska a 2019. A 2020 kuma Amsterdam ta Holan da Helsinki ta Finland suka buɗe rajista a intanet, inda mazauni zai ga manhajar da birnin ke aiki da ita, da bayanan da take ɗauka, da sashen da zai tuhuma idan an cuce shi. Wannan mataki ya fi taɓa talaka kai tsaye, domin wanda bai san na'ura ce ta yanke masa hukunci ba, ina zai kai kuka?

Ƙasar Holan ta ga illar rashin hakan. Tsarin SyRI, da aka yi don gano masu damfarar kuɗin tallafi, a unguwannin marasa ƙarfi aka fi amfani da shi, ba tare da an bayyana yadda yake zargin mutum ba. A Fabrairun 2020 wata kotu a birnin Hague ta dakatar da shi saboda keta haƙƙin sirrin jama'a.