Maganar FAFSA: shekara 18 ba ta raba ka da kuɗin iyayenka

Tun da aka buɗe cike fom ɗin FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin kuɗin karatun jami'a daga gwamnatin Amurka, nake jin wata magana na yawo tsakanin mutanenmu na Amurka, wai da yaro ya kai 18 ko ya kama hayar ɗakinsa shikenan sai ya cike a matsayin mai cin gashin kansa, a ba shi tallafin Pell, kuɗin karatun da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi kyauta, gaba ɗaya, wanda ƙololuwarsa dala 7,395 ce a shekara. Ba haka ba ne fa jama'a. A wajen gwamnatin tarayya sai ka kai 24, ko kana da aure, ko kana digiri na biyu, ko ka yi soja, ko kana da ɗan da kai ke ɗaukar fiye da rabin nauyinsa, ko iyayenka duka biyu sun rasu. In ba haka ba, ban da wasu 'yan yanayi na musamman, dole a duba samun iyayenka, ko da sisi ba sa ba ka, ko da ba su saka ka a takardar harajinsu ba.

Inda abin ya fi rikita mu shi ne riƙo. Yaro ya tashi a hannun kawunsa a Bronx, kawu ke ci da shi da komai, iyayen suna Kumasi ko Damagaram, amma fom ɗin bai san kawu ba, bai san kaka ba, sai in sun mai da shi ɗansu a kotu. Bayanin iyayen can gida za a saka, a juya kuɗinsu zuwa dala. In kuwa kotun jihar da yake zaune ce ta ɗora wa kawun riƙon a hukumance, to yaron ya zama mai cin gashin kansa. Ni dai a ganina wanda ya tsara wannan bai taɓa zama gidan yawa ba.

Uba ya ce ba zai ba da bayaninsa ba? Wannan ba hujja ba ce, iyakaci makaranta ta yarda a ba ka bashin da ruwansa ke fara hawa tun kana aji, babu Pell. Amma in an yi watsi da kai ne ko ana cutar da kai, je ofishin tallafin makarantar da shaida, suna da ikon canza maka matsayi.

Masu cewa a rubuta uba ya rasu kuma, ƙarya a fom ɗin nan tarar ta kai dala 20,000 ko ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ko duka biyun, kuma yaron da ya sa hannu shi za a fara nema.