Tafiyar zaga ƙasa a motar da za ka kwana a cikinta: tambayoyi da amsoshi ga ɗan Kano

Wai mecece wannan mota mai ɗaki a ciki, kuma ana samunta a nan?

Bas ce da aka cire kujerun baya aka saka gado, ɗan wajen girki, batir da tankin ruwa. A Amurka da Turai abu ne da aka saba, har filaye suke da su na musamman da za ka biya kuɗi ka faka ka jona wuta ka ɗebi ruwa. Mu nan da wuya ka ga wadda aka ƙera haka daga kamfani, sai dai ka haɗa taka. Hiace ta fi dacewa saboda kayan gyaranta ko ina akwai, a Ƙofar Ruwa ma sai ka zaɓa. Sienna ma tana yi in ku biyu ne. Kafinta ya yi maka katako, a ɗora katifa, kaya su shiga ƙarƙashi, shi ke nan.

To ina zan dosa daga Kano?

Ni dai shawarata kar ka fara da Legas, tafiyar wajen kilomita 1,000 ce kuma gajiya kawai za ka kwaso. Ka bi ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi ka faɗa Bauchi, washegari ka shiga Yankari ka yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, in da rabo ka ga giwa. Daga nan Jos, sai Akwanga da Keffi zuwa Abuja, ka ga dutsen Zuma, ka dawo gida ta Kaduna da Zariya. Wanda ya ƙware kuma motarsa na da ƙarfin hawa sai ya yi tunanin Gembu a tsaunin Mambila, amma wannan ba ta ɗan koyo ba ce.

A ina zan riƙa kwana?

Yawwa, nan ne maganar take. Mutane suna ganin Turawa a bidiyo sun faka a bakin daji sun kunna wuta suna shan shayi, sai su ɗauka haka za su yi, wallahi kar ka soma, yanayin tsaronmu ba ɗaya ba ne kuma kowa ya san abin da ke faruwa a wasu hanyoyin. Wajen kwananka ya zama mai katanga da maigadi: harabar otal da ka yi ciniki da su ka biya kuɗin fakin, ko gidan ɗan uwa ko aboki, wanda dama Bakano ba ya rasa nasa a kowane gari. Ka san inda za ka kwana tun kafin ka tada mota da safe, ka kira ka tabbatar. In la'asar ta yi sakaliya ya zama ka isa. Tafiyar dare babu ita a lissafi sam. Sannan ka riƙa tambayar direbobin tasha labarin hanya, sun fi taswirar waya sanin inda ya lalace da inda ba a bi.

Wane lokaci ya fi?

Bayan damina, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Sai dai hazo yana rage gani, kuma sanyin Jos ba wasa ba ne, ka ɗau bargo mai kauri. A watan Afrilu kuwa barci cikin mota azaba ce.

Takardu fa?

Lasisin tuƙi, inshora, takardun mota cikakku, na'urar kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku da safayar taya mai iska. In gilashinka mai duhu ne ka nemi izinin 'yan sanda. A shingen bincike za a leƙa a ga gado a cikin bas a yi ta tambaya, ka amsa da fara'a kawai.

Abinci da wuta?

Kilishi, dambun nama, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, taliya, kayan shayi, jarkar ruwa biyu. Ƙaramin sola a rufi da batir na daban ya isa fanka da cajin waya, kar ka zuƙe batirin mota ka wayi gari ana turi. Girki kuma a waje, ba a kunna gas ko gawayi cikin mota a rufe, hayaƙinsa ba ya wari amma yana kisa cikin barci.

Nawa zan tanada?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mai ne ke cinye kaso mafi tsoka. Ka gwada motarka Kano zuwa Zariya ka ga lita nawa ta sha, ka auna da tsawon tafiyar, ka ƙara kuɗin bakanike da mai faci a gefe. Ka riƙe tsabar kuɗi kaɗan, don akwai ƙauyukan da sabis ke ɗaukewa, tiransifa ta ƙi tafiya kana tsaye gaban mai mai.