Kundin Tunawa

Kundin tunawa littafi ne da mutum ke haɗawa da hannunsa. Yana manna hotuna, wasiƙu, tikiti, katin gayyata, guntun jarida da makamantansu, sannan ya rubuta bayani a gefensu. A Turance ana ce masa scrapbook. Rubutun nan ne ya raba shi da albam ɗin hotuna, domin shi ke faɗin wane ne a hoton, a ina aka ɗauka, yaushe, kuma me ya faru ranar.

Asali

Tun ƙarni na 15 masu ilimi a Turai ke ajiye littattafan da suke kwafe karin magana, addu'o'i da baitocin da suka burge su. A ƙarni na 16 ɗaliban jami'a a Jamus da Holand suka riƙa yawo da littafin abota, wanda malamai da abokai ke sa wa hannu ko su yi zane a ciki. Da jaridu suka yi arha a ƙarni na 19, sai almakashi da gam suka shigo. Thomas Jefferson, wanda ya shugabanci Amurka daga 1801 zuwa 1809, ya riƙa yanko waƙoƙi da labarai daga jaridu yana mannawa. A 1873 marubuci Mark Twain ya sami takardar mallakar ƙirƙira a kan wani kundi da shafukansa ke zuwa da gam a jiki, jiƙawa kawai ake yi a manna. Kyamarar Brownie da kamfanin Kodak ya fitar a 1900 ta kai ɗaukar hoto hannun talaka, daga nan hotuna suka mamaye shafukan.

Salon da aka sani a yau ya fito ne daga jihar Utah ta Amurka, inda mabiya Mormon, wata ɗariƙar Kirista, ke ba tarihin zuriya muhimmanci sosai. A 1980 Marielen Christensen ta baje kolin kundayen iyalinta sama da 50 a wani taron adana tarihi a Salt Lake City, kowane shafi cikin rigar roba. Shekara ɗaya bayan haka ta buɗe shagon kayan wannan aiki a garin Spanish Fork na Utah. Kamfanin Creative Memories, da aka kafa a 1987, ya ƙara yaɗa abin ta hanyar koyarwa gida-gida.

Kayan aiki

Mai farawa ba ya bukatar kaya da yawa: kundi, takarda mai kauri, almakashi mai kaifi, rula, fensir, abin mannawa da alƙalami. Girman shafin da ya fi yaɗuwa shi ne inci 12 a kan 12, wato kimanin santimita 30 kowane gefe, amma yana da wuyar cikawa ga sabon hannu. Inci 8 a kan 8 ko girman A4 ya fi sauƙi. Kundi mai zobba ya fi dacewa da ɗan koyo, saboda ana iya cire shafi ko a sauya masa wuri.

Inda ya kamata a tsaya a natsu shi ne ingancin kayan, domin a nan ne hotuna ke tsira ko su lalace. Takardar da aka yi da niƙaƙƙen itace tana ɗauke da wani sinadari mai suna lignin. Haske da iska na sa ta koma rawaya, ta yi asid, ta riƙa karyewa, kuma asid ɗin na ratsawa zuwa duk abin da ke manne da ita. Shi ya sa tsohuwar jarida ke barin tabo a shafin da ke fuskantarta. Don haka ake neman takardar da aka rubuta cewa ba ta da asid ba ta da lignin, wadda ma'auninta na pH, wato ma'aunin asid, ya kai 7 ko ya ɗan haura. Guntun jarida kuwa gara a yi fotokwafinsa a takarda mai kyau a manna, a adana na asalin daban. Haka ma rasit da tikitin da ake bugawa da zafi, waɗanda rubutunsu ke gogewa da kansa.

Salatif na yau da kullum da gam ɗin roba suna bushewa, su saki, su bar tabo mai ruwan ƙasa wanda ba ya fita. Albam masu shafi mai danƙo da aka yi yayinsu a shekarun 1970 sun lalata hotuna masu yawa ta wannan hanya. Abin da ya fi aminci shi ne 'yan kusurwoyin takarda da ake soka gefunan hoto a ciki, gam bai taɓa shi ba, kuma ana iya zare shi. Rigar shafi ta kasance ta robar polypropylene ko polyester, a guji robar PVC, wadda ke yin danƙo har ta kwashe launin hoto. Akwai gwajin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 18916 da ke tantance ko kaya na cutar da hoto, wasu kamfanoni kan nuna shi a jikin kwali.

Shafin farko

Kuskuren da ya fi kayar da masu farawa shi ne ƙoƙarin tattara rayuwa gaba ɗaya a karon farko. Labari ɗaya ya isa: tafiya guda, shekarar farko ta jariri, ko ranar kammala karatu. Ana zaɓar hoto uku zuwa biyar, ɗaya ya zama jigo, a jera komai a kan shafi ana matsawa har ido ya gamsu kafin a taɓa gam. Launi biyu ko uku da aka ɗauko daga cikin hoton sun wadatar. Sitika da kintinkiri suna da kyau, amma idan suka fi hoton jan ido sun yi yawa.

Hoton da ba shi da kwafi ba a sa masa almakashi. A sake wanke wani a yanka, musamman da yake abin da ke bayan mutum, kamar ƙofar gida ko tsohuwar mota, shi zuriya za ta fi so ta gani nan gaba. Hoton Polaroid ma, wanda kyamara ke fitarwa nan take, ba a yanka shi, saboda akwai sinadarai a tsakanin fallayensa.

Sai rubutu, wanda mutane da yawa ke tsallakewa don suna ganin rubutun hannunsu bai yi kyau ba. Wannan asara ce babba. Cikakken suna, wuri, kwanan wata da jimla biyu a kan abin da aka ce ko aka ji ranar sun fi kowane ado daraja, kuma rubutun hannun kansa abin tunawa ne ga waɗanda za su gaji kundin. Ana amfani da tawadar da ba ta koɗewa kuma ruwa ba ya wanke ta. Idan za a yi rubutu a bayan hoto, fensir mai laushi ya fi biro, wanda ke huda takarda ya kuma yi naso.

Ajiya

Zafi, danshi da hasken rana ne manyan abokan gaban hoto. Ana ajiye kundi a tsaye a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da taga da bangon da ke tsatsafo. Danshin iska tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari ya dace. Sama da haka sosai, hotuna kan manne da juna su yi funfuna. Masu haɗa kundi da yawa kan ɗauki hoton kowane shafi da waya ko na'urar sikana da zarar sun gama shi, su ajiye kwafin a wani wuri dabam da inda kundin yake.