Jinin ya tsaya, amma ba mu gama da kai ba

Kwanakin baya aka kawo mana wani dattijo da haɓo ya ƙi tsayawa tun asuba, dasashinsa ma yana tsatsar jini. Shekararsa da yawa yana shan wafarin, maganin tsinka jini, saboda bawul ɗin ƙarfe da aka sa masa a zuciya. Da muka duba kwalin, sai muka ga ƙwayar miligiram 5 aka ba shi a wannan karon maimakon ta miligiram 1 da ya saba, shi kuma ya ci gaba da ƙirga adadin da ya sani. Aka ba shi bitamin K, wato makarin wafarin, jini ya tsaya, aka rubuta masa ranar dawowa gwaji. Na riƙe hannunsa na ce, "Baba, don Allah wannan ranar kada ta wuce." Ya ce in sha Allahu. Sai bayan sati uku muka sake ganinsa, a kan gadon tura marasa lafiya.

Wannan ɗabi'ar ce ta ishe ni, jama'a. Da zarar jini ya tsaya sai mutum ya ce ya warke, ya cusa takardar sallama inda shi ma ba zai tuna ba. Wa ya ce ka warke? Mu dai ba mu faɗa ba.

Wafarin ba ya barin jiki a yini ɗaya. Kafin rabinsa ya fita sai an yi kusan awa 40, don haka bitamin K na iya gama aikinsa alhali sauran maganin yana nan, jinin ya sake tsinkewa. Ko kuma akasin haka: bitamin K ya rinjaya, jinin ya koma daskarewa, wafarin ɗin da ka koma sha ya yi kwanaki bai kama ba. Duka biyun ba ka jin su a jikinka. Gwajin INR, wanda ke auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, shi kaɗai ne ke nuna mana, kuma yawancin masu shan maganin ana so lambarsu ta tsaya tsakanin 2 da 3, masu bawul ɗin ƙarfe wani lokaci sama da haka kaɗan. Ɗan jini ne ake ɗiba, ba a kwana. Wannan ne kake gudu?

Na maganin ɓera ya fi ba ni tsoro. Wafarin ɗin kansa a matsayin maganin ɓera ya fara fitowa a 1948, sai a 1954 aka amince mutane su sha shi a Amurka. Ƙannensa da ake sawa a wasu magungunan ɓera na yanzu, irin su burodifakum, suna yin makonni har watanni a jiki. Yaro ya lasa yau, ya wuni yana wasa, iyaye su ce ai ba komai, alhali gwajin ba ya nuna ɓarnar sai bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Wanda ya sha da yawa kuwa yakan buƙaci bitamin K kullum na tsawon lokaci. Kwalba ta ƙare, uwa ta ga yaro garau, shi ke nan ba a dawo ba. Ke uwa, na san zaman layi da wahala, na san kin gaji. Amma likita ne zai ce a daina, ba idonki ba.

Akwai kuma waɗanda tsoro ke sa su watsar da maganin gaba ɗaya ba su faɗa wa kowa ba. Su ma sukan dawo, da ƙafa a kumbure ko ɓarin jiki a shanye.

Sai maganar takarda. Waɗannan haruffa da lambobi da kuke gani a jikinta ba ado ba ne. Cututtuka suna da lambobi a tsarin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya: T45.5 na gubar magungunan tsinka jini ne, T45.7 na bitamin K da sauran masu daskarar da jini, T60.4 na maganin ɓera. A tsarin da Amurka ta faɗaɗa, lambar har tana bambanta wanda ya sha fiye da ƙima bisa kuskure da wanda ya sha daidai amma maganin ya ba shi matsala, sannan a ƙarshenta akwai harafi: A lokacin da ake tsakiyar magani, D na dawowa bibiya, S na larurar da ta biyo baya. Wato tsarin ma ya ware wa dawowarka gurbi, kai ne ka bar shi fayau. Likitan da bai taɓa ganinka ba, da ya kalli takardar ya san abin da ya faru. In ka zo hannu rabbana, sai mu koma tambaya daga farko, jini kuwa ba ya jiran mu gama.

Kuma ku faɗi gaskiya. In ka ninka ƙwaya don ka manta ta jiya, ka ce haka ne. In ka ɓoye, za a rubuta cewa ƙimar ce ta yi maka yawa, a rage maka ita ba gaira ba dalili. Ba mu da lokacin yi wa kowa faɗa a kan kuskure, wallahi.

A gurguje:

- Ranar dawowa, ka zo ko da kana jin kamar ka yi tsere.
- Taho da takardar sallama da duk kwalayen magungunanka.
- Kada ka sha asfirin, ibufurofen ko dikulofenak, ko ka fara Flagyl ko Septrin, sai wanda ya san kana kan wafarin ya yarda.
- Bayan gida baƙi kamar kwalta, jan fitsari, aman jini, ciwon kai mai tsanani, ko faɗuwa ka bugu a kai: asibiti nan take, ko tsakar dare ne.

Dattijon nan ya tashi, alhamdu lillahi, bayan an ƙara masa jini. Yanzu 'yarsa ce ke riƙe da takardar, ita na rubuta wa ranar gwajin gaba.